Ni Ce Na Kashe Bushiya

Kakata Saratu ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar sana'a ce. Da safe ƙosai, da yamma doya da dankali, a bakin titin Samaru inda ɗalibai ke tsayawa. Sai mai saye na ƙarshe ya tafi, magariba ta wuce, ta sauke kasko, sannan mu jikokinta mu matso kusa da ɗan garwashin da ya rage. Mu biyar ne, babbanmu yayana Bitrus, sarkin baki. Kaka za ta miƙe ƙafafu, ta ƙwanƙwasa gefen kasko da cokalin suya, ta ce, "Kunnuwa sun iso?" Mu ce, "Sun iso, har da masu su."

Tatsuniyarta ba irin ta sauran tsofaffi ba ce. Tana cikin bayarwa sai ta tsaya cak, ta nuna ɗayanmu da cokali, ta ce, "Ga hanya ta rabu biyu. Dama ko hagu?" Inda ka ce, can labari zai bi. Doka ɗaya ce tak: in ka zaɓa ka zaɓa, ba a komawa baya. Saboda haka labari ɗaya yakan kai mu kwana uku ko huɗu, muna faɗa a kan wanda layi ya zo kansa.

Wanda ya fi daɗewa shi ne na 'yar bushiya. Wutar gidansu ta mutu a tsakiyar damina, uwarta na kwance tana rawar sanyi, sai ta ɗauki tsingaron tukunya ta tafi ɗebo wuta a garin da ke ƙetaren kogi. Bitrus ne ya zaɓa mata ta tsaya ta gaida tsohuwar hawainiya, ita kuwa ta nuna mata hanya. Wani cikinmu ya zaɓa mata ta ɓuya a gindin rumbu da kare ya biyo ta. Kwana tara muna lallaɓa ta, har ta samu wutar, ta juyo gida, ta tarar kogi ya cika. A nan cokali ya tsaya a kaina.

"Ke Rifkatu. Hagu, ga itace ya faɗi ya ƙetare ruwa. Dama, zagaye ne na kwana biyu. Ina za ta bi?"

Shekarata bakwai. Uwar da ke rawar sanyi kawai na tuna. Na ce hagu.

Kaka ta ce, "Ta hau. Itace da santsi. Taku ɗaya, taku biyu, sai tsulum. Ruwa ya ci wuta, ya ci bushiya. Wuta ta kwanta, baki ma ya kwanta. Kowa ya tashi."

Sai Bitrus ya ce, "Shi ke nan, kin kashe ta! Kwana tara, ke kuma da baki ɗaya kin kashe ta!" Na fashe da kuka, na riƙe zanen Kaka ina cewa na fasa, dama nake so. Ko kallona ba ta yi ba. Tana ta rufe garwashi da toka, yadda take yi kullum don ta tarar da wuta da asuba. Ta ce, "Ba a komawa." Ba ta ƙara ɗauko labarin ba.

Na girma da wannan abu a wuyana. Na ɗauka darasi ne ta ba ni: gaggawa tana kisa, kuma zaɓi ɗaya ya isa ya rushe wahalar mutane. Har yau in aka shimfiɗa mini atamfa biyu a kasuwar Sabon Gari sai na yi zufa kafin na nuna ɗaya. Bitrus kuwa, da furfurarsa da komai, in ya so tsokana sai ya ce, "Mai kashe bushiya, ya gida?"

To ga inda rayuwa ta kai ni. Shekara shida ke nan ina buga wani wasan kwamfuta a gaban kyamara, ina surutu da Hausa, ina sa wa yara a intanet. Wasa ne na shiga daji, a sari itace, a gina bukka, a guje wa dodanni. Wadda nake juyawa a cikin wasan na sa mata suna Bushiya, wane suna kuma zan sa? Abin da ya fara jan raina ga wasan shi ne, in ta mutu, maɓalli ɗaya zan danna ta miƙe. Na kashe ta ya fi a ƙirga, na tashe ta ya fi a ƙirga, ba wanda ya nuna ni da yatsa.

Amma ba wanda ya gaya mini cewa abin ba ya ƙarewa. Bidiyo uku a mako. Ina ɗakina a Palladan, na manna kwalayen ƙwai a bango don ƙarar injin niƙan maƙwabta, a kawo wuta a ɗauke, ni kuma dole murya ta fito da fara'a ko da kaina na sarawa. Ranar Alhamis in na makara da awa ɗaya, saƙonni sun fara shigowa: "Anti Rifi, ina Bushiya?" Ina son yaran nan, Allah ya sani. Amma na gaji. Na gaji har cikin ƙashi.

Ana haka wasu masu buga littattafai suka ce in mayar da labarin Bushiya littafin zane na yara, irin wanda hotuna ke jere gida-gida, magana na fitowa daga bakin masu yi. Ni na zana da hannuna, a tsakanin bidiyo da bidiyo. Da na zo shafin ƙarshe sai na ga hannuna ya zana kogi, ya zana itace, ya zana tsulum. A takarda babu maɓalli. In ta faɗa, ta faɗa, kuma duk yaron da ya buɗe littafin haka zai same ta. Na ce wa kaina ai darasin Kaka ne, yaran yanzu suna bukatar su san rayuwa ba wasa ba ce. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa na ji sanyi a raina da na gama ba.

Ranar Litinin zan miƙa aikin. Ranar Lahadi bayan sujada na ɗauki shafukan na tafi Unguwar Gabas, gidan Bitrus, inda Kaka take zaune yanzu. Ta tsufa tukuf, sai ta kai takarda kusa da hanci take gani. So nake ta sa mini albarka. Na tuna mata labarin, na nuna mata shafin, na ce, "Kaka, darasin da kika ba ni ne zan ba yara."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta fara dariya, dariyar da ta koma tari, sai da na ba ta ruwa.

"Wane darasi kuma? Ke, bayana ne ke ciwo. Tun asuba ina gaban wuta, ku kuma kwana tara kun hana ni sakat da bushiyar nan."

Na ce, "To da na ce dama fa?"

"Da kada ya cinye ta a zagayen. Ranar nan ko sama kika ce ta bi, sai ta mutu."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kaka! Shekara nawa ina ɗauke da abin nan? Ki ce kin gaji mana!"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "A lokacin ban san ana faɗa ba. Uwarku na aikin dare, ubanku na tafiya, ku biyar kuna kallon bakina. In ce muku me? Na ga ya fi sauƙi in jefa ta ruwa." Ta shafa takardar da yatsa. "Ban san a kanki ta faɗo ba. Ki yi haƙuri, 'yar nan."

Sannan ta ɗago ta dube ni da idanun nan da suka yi fari-fari, ta ce, "Ke kuma ina ke miki ciwo?"

Kuka na yi, irin na shekara bakwai, Bitrus na tsaye a bakin ƙofa, karon farko a rayuwarsa bai ce komai ba.

Na daɗe ina ganin tatsuniyar Kaka kamar daga sama take saukowa, da hikima a kowace gaɓa. Ban taɓa tunanin cewa bayan labarin akwai mace mai ciwon baya, wadda hayaƙi ya ci idonta tun safe ba. Ban ga laifinta ba yanzu. Amma na san abin da yaro ke yi da irin wannan ƙarshe: ɗauka yake ya rataya a wuyansa, ya ce shi ya jawo. Wani zai ce don bai kalli bidiyon Alhamis ba ne.

Na yaga shafin. A wanda na miƙa, Bushiya ta iso bakin kogi, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ajiye tsingaronta. Ta ja toka ta rufe garwashin, ta dunƙule a gefensa ta rufe ido. Na kuma yi gajeren bidiyo na ce wa yaran zan huta na wata biyu, da bakina, ba tare da na kashe kowa ba.

Da littafin ya fito, wata yarinya ta aiko saƙo ta wayar mamanta: "Anti Rifi, Bushiya ta mutu ne?"

Na rubuta mata, "A'a. Ta gaji ne. Ki duba ƙarƙashin tokar, wutar na nan."