Ruwan da Inna ke haɗiye ƙwaya da shi

Na manta abubuwa da yawa na jinyar Inna, amma ranar da na gane abin da take kira ruwanta, ita kam ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Hawan jini ne ya kama ta lokacin ina koyarwa a Kabo, ita kuma tana gidanmu a Kara. Duk ranar ganin likita sai in roƙi izini a makaranta, in bi motar haya in ɗauko ta, mu je asibiti a Gwarzo mu zauna a benci har ƙafafuna su kumbura. A auna, a ce jinin bai sauka ba. A ƙara magani, mu dawo, labarin bai canza ba. Likita ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka ɓarin jikinta zai iya shanyewa. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

Har likitan ya fara zargin ba ta shan maganin. Ya ce, "Inna, tsakani da Allah, kina sha kuwa?"

Ta ɓata rai ta ce, "Ɗan nan, da furfurata zan yi maka ƙarya?"

"To kina haɗawa da na gargajiya?"

"Ko ɗaya."

Kuma har ga Allah, a wajenta gaskiya ta faɗa.

Wata rana aka canza mata ƙwaya, matar da ke ba da magani ta ce ta sha ɗaya nan take. Na fasa ruwan leda na miƙa mata, sai ta ture hannuna. "Da wannan? Ai sai ta maƙale min a wuya. Bari mu je gida in sha da ruwana."

Matar ta leƙo ta taga ta ce, "Wane ruwa ne naki, Inna?"

"'Ya'yan hulba nake dakawa in jiƙa, su yi kauri su yi yauƙi. In na cusa ƙwayar a ciki, sulum take wucewa."

Na ce, "Haba Inna, ba likita ya tambaye ki na gargajiya ba?"

Ta dube ni kamar ni ce mara hankalin. "Ai ba don magani nake sha ba, 'yar nan. Don ƙwayar ta wuce ne."

Matar ta fito ta zauna kusa da ita. Ta ce irin wannan yauƙin yakan naɗe wasu magunguna a ciki, hanji ya kasa tsotse su yadda ya kamata. Ba za ta rantse shi kaɗai ne matsalar ba, amma a riƙa sha da ruwa zalla, hulbar kuma a ba ta tazara mai nisa. Ta mayar da mu wajen likita nan take, domin ƙarin da aka yi ta yi wa maganin zai iya yi mata yawa yanzu. Muka sake komawa layi. Ko kuka ban iya yi ba, zama kawai na yi ina kallon bango.

Jinin ya sauka bayan 'yan makonni. Sai dai hannunta na hagu ya riga ya fara nauyi tun kafin ranar, tana ɓoyewa don kada ta ƙara min wahala, kuma bai sake dawowa daidai ba. Har yau in na je gida ni nake ɗaura mata ɗankwali.

Abin da na koya shi ne, tambayar "kin sha?" ba ta isa ba. Yanzu in ina jinyar wani, sai in ja kujera in ce, "Sha a gabana in ga yadda kake yi."