Babban Yatsan Baba

Wari ne ya tona asirin Baba. Ina zuba masa ruwan alwala, ya ƙi cire safar ƙafar dama, wai zai yi shafa a kanta. Da zafin bazarar Matameye, wa ke sa safa? Na ce, "Baba, cire mu gani." Ya harare ni. Na tsuguna na zare da kaina.

Innalillahi! Babban yatsan ya kumbura suntum, gefen farcen ya nutse cikin nama, mugunya na tsattsafowa ta ƙarƙashin lallen da ya ƙunsa.

Da ƙyar labarin ya fito. Wata biyar yana gadi a Kano cikin takalmin aiki da ya matse shi. Da ya dawo, ranar kasuwa, ya miƙa wa mai yankan farce ƙafa. Su kuwa gwanintarsu ke nan, su bi gefe da 'yar wuƙa suna ƙwaƙule lungu har farce ya zagaye. Ashe wani tsini ya saura a ciki, yana tsiro yana huda nama. Ga Baba da ciwon suga. Maƙwabcinmu ma da haka ya fara, yau da sanda yake tafiya.

Na yi ta faɗa har Inna ta ce in tuna da wa nake magana. Ban fasa ba sai da na ga ya hau kabu-kabu.

A asibiti, majo, babban mai jinya, ya duba ya ja ni gefe. Ya ce, "In yatsan ya mutu, sai babban asibitin Damagaram, a yanke. In da ransa, zan kashe wurin da allura, in cire gefen farcen, ya sha magani. Daga yau kuma a miƙe za a riƙa yanke masa farce."

Don ya gwada ko da ransa, ya sa Baba ya rufe ido, ya soki kan yatsan da tsinin allura.

Ya ce, "Ka ji, Baba?"

"Ban ji komai ba."

Majo ya sake soka, kusa da kumburin.

"Yanzu fa?"

"Babu."

Majo ya dube ni, ya jawo takardar tura mu Damagaram. A nan idona ya kai kan hannun Baba. Ya damƙe bakin benci, jijiyoyi sun tashi ruɗu-ruɗu, gumi na bin gemunsa. Wato jarumta yake yi a gaban 'yarsa!

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Baba, don girman Allah, in ka ji ka ce ka ji! Yanke maka za a yi!"

Ya buɗe ido ya dube ni. A hankali ya ce, "To, ki fita mana."

Na fita na jingina da bango. Shiru. Na fara tunanin ko ni ce na ga abin da nake so in gani. Sai na ji daga ciki, da ƙarfi, "Wayyo Allah!"

Na zauna daɓas a ƙasa ina kuka, ina hamdala.