Faifan Mai Jar Mota

Ranar wata Laraba ce, jajibirin ƙaramar salla, a shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama. Ina da shekara goma sha ɗaya. Inna ta ƙunsa mani lalle a ƙafa, ta ce kada in motsa daga kan tabarma sai la'asar, sai na ji wani kiɗa yana tsallako katanga daga gidan Kawu Sale, ƙanenta, da muke maƙwabtaka da shi a Ƙofar Marusa. Ba kalangu ba ne, ba garaya ba. Wani abu ne mai tsirkiya yake kuka kamar zai yi magana, ganguna na bin sa a guje. Na miƙe da tsummokaran lallen a ƙafa, na bi ta kafar katangar da awaki suka huda. Lallen bai kama ba, na yi salla da ƙafa dabbare-dabbare, ban kuwa damu ba.

Kawu direban babbar mota ne mai zuwa Ikko. A wannan dawowar ya zo da garmaho mai batir da fayafai bakwai, kowane cikin rigarsa ta kwali mai hoto. Ya ajiye shi kan turmin da aka kife a gindin dalbejiya, matan gida sun bar surfe sun zagaye shi, kakarmu tana cewa, "Wanga akwati ko dai da aljani a ciki, ko mai shi ne aljanin." A gefen garmahon kuwa Hansatu ce zaune, ɗiyar Kawu, taubashiyata, sa'ata. Ita ke zaro faifai, ita ke hure masa ƙura, ita ke ɗora allura. Dalili ɗaya ne: tana aji huɗu a makarantar boko, tana iya karanta rubutun jikin kwalin. Ni tallan dafaffiyar gyaɗa nake yi.

Ba zan ɓoye ba, tun ranar nan na fara jin ƙyashinta. Na fi ta kunne, kowa ya sani. Sau ɗaya zan ji waƙa in riƙe ta, ko da ban san me bakin Turawan ke faɗi ba. Na raɗa wa fayafan sunayen kaina. Akwai Masu Gashin Doki, maza biyar da suma har kafaɗa, kiɗansu kamar ana rushe gini. Akwai Mai Kukan Mage, wanda Kawu ya fi so, ni kuwa ban ga abin so ba. Nawa shi ne Mai Jar Mota: wata mata ce jingine da mota, riƙe da jita. Waƙa ta uku a bayan faifan tana farawa a hankali, muryar matar ita kaɗai, sannan ganguna su faɗo mata kamar ruwan farko a kan kwano. Da ita nake daka, da ita nake jan guga, har a dandali na sa ƙawayena muka yi gaɗa da amshinta. Amma in na miƙa hannu, sai Hansatu ta doke shi. "Ke da hannun gishiri? Fara karanta mani sunan, in ba ki." Sai ta karanta shi can ƙasa-ƙasa, ta murguɗa baki, don kada in kama.

Da bazara ta yi aka ce Kawu zai kwashe iyalinsa su koma Kaduna. Ana ta ɗaurin kaya, ni ko abu ɗaya nake tunani: Hansatu za ta tafi da boko, ta tafi da takalmin makaranta, ta kuma tafi da waƙata. Na faki ido na zare faifan daga rigarsa, na tura shi ƙarƙashin gyaɗar tallana. A ganina allura ai ƙaya ce. In na samo ta bagaruwa mai tsini, na juya faifan da yatsa, matar za ta yi mani waƙa ni kaɗai a bayan ɗaki. Da na fito da shi sai na ga duk ya yi danƙo da gishiri. To, ni abin da na sani, in abu ya yi dauɗa a wanke shi. Na sa sabulun salo da soso na dirje shi tas, na hau soro na kife shi tsakanin ƙoren Inna ya sha iska, rana tana tsakar ka.

Da la'asar na hau na tarar ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Na zauna a kansa, na danne shi da dutsen niƙa, bai miƙe ba. Inna ce ta kama ni, ta ja kunnena har gaban Kawu. Bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya ɗora faifan, allurar tana hawa tana sauka kamar raƙumi, muryar matar tana miƙewa tana narkewa, yara suna ta dariya. Ya kashe, ya dube ni ya ce, "Uwani, da kin roƙa ai da na bar maki shi, ki riƙa ji a gidan telan unguwa, shi ma yana da garmaho." Ranar tafiya Hansatu ta leƙo daga motar ta ce, "Ki ce don Allah, in gaya maki sunan waƙar." Na ce ta riƙe kayanta.

Mutum ɗaya na taɓa ba wannan labari, maigidana Malam Haruna, Allah ya jiƙansa. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa na rera masa waƙar, ya koya. Shekara arba'in da wani abu, in ya ga raina ya ɓaci, sai in ji yana yi mani ita da fito daga zaure, yana gyaran kekensa, yana kuskure a wuri ɗaya kullum, ina gyara masa. Mun zagaya masu kaset na Babbar Kasuwa ina rera masu, suna girgiza kai. Watansa biyar yanzu a ƙasa. Zauren ya yi tsit, ina kuka ba na jin kunyar kowa, kuma na lura tsakiyar waƙar ta fara zube mani.

Yanzu waƙa ta zama ruwan famfo. Ɗiyata Binta, da nake faɗi tana rubutawa, ta ce kowace waƙar duniya tana cikin wayarta, suna kawai za a ba ta. Sunan yana wurin Hansatu. Tana nan Kaduna da ranta, da tabaranta na karatu, Alhajinta ma yana raye, tare suke shan shayi. Binta ta ce, "Mama, lambarta fa na nan, in kira?" Na ce ta bari tukuna. Miji ya tafi, waƙa tana bin sa, ni kuwa har yau bakina ya kasa ce wa Hansatu don Allah.