Dutsen Niƙana a Ƙugun Yaya Sule

Duk wanda ya san Yaya Sule na Koki ya san ba ya wuce dutse a hanya. Sai ya sunkuya ya ɗauka, ya jinjina shi a tafin hannu, ya ce, "Wannan na zurfin gaba uku ne." Sana'arsa shiga rijiya. Guga, tulu, akuya, duk abin da ya faɗa ciki, shi ake kira. Mutum ne mai jiki, ruwa turo shi sama yake yi, shi ya sa yake ɗaura duwatsu a ƙugu su kai shi ƙasa. Ƙa'idar aikin kuwa ɗaya ce: in numfashi ya ƙare, ka ja bakin ɗaurin, duwatsu su zube, kai ka taso. To, nan gizo ke saƙar. Yayana bai yarda a baro dutse a ƙasa ba.

Ni ƙanwarsa nake riƙe masa igiya tun da mijina ya rasu na dawo gida. "Maza hira suke yi," in ji shi. "Ke kuwa, Asabe, ko dariya ba kya yi." In ya nutse sai in kama Ƙulhuwallahu. Ƙafa bakwai yake tasowa.

Ɗansa Habibu, da ke aikin nutso a ƙarƙashin jiragen ruwa a Legas, ya taɓa kawo masa ɗamara mai sandunan darma.

"Baba, daidai jikinka aka auna ta. In abu ya ɓaci ka danna nan, sai ta faɗi."

"Ta faɗi ina?"

"Ƙasa mana."

"Darmar sukutum? Habibu, gishirin teku ya cinye maka hankali."

Da ita ya riƙa tokare ƙofar zaure.

Ranar da ba na mantawa, injin jan ruwa ne ya tsinke ya faɗa rijiyar Alhaji Modu a Kabara. Ƙarshen damina ne, rijiya ta cika, duwatsun Yaya suka kasa kai shi ƙasa. Ya koma gida, sai ga shi da ɗan dutsen niƙana, wanda Inna ta bar mini.

Na ce, "In ka baro mini shi a ƙasa, kada ka hawo."

Ya ɗaura, ya yi bisimilla, ya nutse.

Ƙafa bakwai, shiru. Takwas. Tara. Igiya ta miƙe a hannuna, ba ta motsi. Alhaji Modu ya ce, "Baba Asabe, ko dai..." Ban dube shi ba. A ta goma sha ɗaya harshena ya sarƙe, surar da na haddace tun kafin in yi wayo ta ɓace mini. Babu abin da nake ji a kunnena sai maganar da na faɗa masa.

Na ce da mazan da ke tsaye, "Ku ja."

Mutum huɗu suka ja, da ƙyar laka ta sake shi. Nauyin dutsen ne ya kafe shi har gwiwa. Ya fito ido jawur, yana aman ruwa, hannunsa dafe da ɗaurin.

Da ya samu numfashi na ce, "Me ya hana ka kwancewa?"

"Ke kika ce kada in hawo."

"Mutuwa ce fa, Yaya."

"Mutuwa sau ɗaya ce, Asabe. Mitarki kuwa kullum."

Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Alhaji ya buɗe baki zai tambayi injinsa, na yi masa kallo ɗaya, ya rufe. Da muka isa gida na ɗauki wuƙa na daddatsa igiyar a gabansa. Wata guda bai gaishe ni ba, amma bai sake shiga rijiya ba, don bai yarda da hannun kowa ba.

Bara ya rasu a kan tabarmarsa, bayan la'asar, ina gefensa. Ban taɓa ce masa ya yafe mini maganar nan ba, shi ma bai taɓa tayar da ita ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mana baki ɗaya. Ya ƙare ƙarfinsa cikin ƙuncin rijiyoyin mutane. Allah ya yalwata masa makwanci.