Gaisuwar Mama da Gidan Ƙarshen Layi

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya, ni da maigidan da mahaifiyata, wata Asabar cikin watan Agusta. Wanda ya ga lodin da muka yi sai ya rantse daga Kano za mu Legas: kula biyu, fulas ɗin shayi, buta, darduma, har da 'yar kujerar da Mama ba ta rabuwa da ita. Alhali duk inda za mu bai wuce gefen Greensboro ba, garin da muke zaune a Amurka. Yaran mun bar su wajen maƙwabciyarmu, wata Anti 'yar zangon Kumasi, wadda ta cika mana kula ɗaya da wake da shinkafa irin nasu, ta ce kada mu kuskura mu dawo ba mu samo gidan saye ba. Ɗaya kular masa ce da Mama ta soya da hannunta. Na tambaye ta ta wace ce, ta ce ba ruwana.

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Mama ta zo wajenmu ne bayan rasuwar Baba, da niyyar zama. To mu a hawa na uku muke haya, babu lif, ita kuma gwiwoyinta sun gaji. In ta hau benen nan sai ta yi sati ba ta sauko ba. Matar da a Zariya ƙofarta ba ta rufuwa saboda baƙi, ga ta nan a bakin taga tana kallon motoci. Bayan babbar Sallah ta kira ni ta ce, "Ke, ni fa ba kurkuku na zo ba. In sanyi ya same ni a saman nan, ki mai da ni gida." Na san uwata, ba ta faɗar magana sau biyu. Na kuma san in ta koma, shike nan, ni da ita sai a waya.

Gida mai ɗaki a ƙasa a cikin gari ya fi ƙarfinmu, manyan gidajen ƙauye masu fili kuwa ba a ma magana. Abin da aljihunmu zai kai shi ne gidajen nan na jere, masu haɗa bango, irin kwatas ɗin ma'aikata. A wajen gari ba su da yawa sam. A cikinsu kuma na ƙarshen layi kowa ke rububi, don bango ɗaya kawai yake haɗawa da maƙwabci, ga tagogi ta gefe, ga ɗan fili. Kowane layi ƙarshensa biyu ne kacal, kuma wanda ya samu ba ya tashi. Watanni muka yi muna bi a waya, gida ya fito da safe, kafin yamma an ɗauke.

Summerfield muka fara nufa, arewa da gari. A wani gidan mai muka haɗu da dillaliyarmu, Ba'amurkiya baƙar fata mai fara'a, mai tuƙi kamar ana binta. Hanyar gwanin kyau. Itatuwa sun rufe titi dama da hagu, ko'ina kore shar, ga shingayen katako farare da dawakai suna kiwo a ciki. Wasu dawakan har wata 'yar rigar fuska aka sa musu don ƙuda. Mama ta leƙa ta ga ɗakin da aka gina wa dawakai, ta ce wannan ai ya fi falonmu girma. Ba ta yi ƙarya ba. Muna isa layin da muka zo gani, dillaliya ta fito da waya a kunne, fuskarta ta canja. An gama ciniki tun jiya da yamma. Ko fitowa daga mota ba mu yi ba.

A wani ɗan gidan abinci na bakin hanya muka karya. Nan sai ka yi hattara, don naman alade har cikin wake da ganye suke jefawa. Sai da na yi wa mai kawo abincin tambayoyi kamar a kotu, a ƙarshe muka tsaya kan ƙwai da wani burodi mai laushi da suke kira biskit, wanda ba ruwansa da biskit ɗin da muka sani. Daɗi kam akwai shi, kuma da arha fiye da cikin gari. Aka kawo shayinsu mai ƙanƙara, zaƙi kamar an juye buhun sukari. Mama ta kurɓa sau ɗaya, ta ture kofin, ta ce a miƙo mata fulas ɗinta.

Daga nan muka zaga gabas zuwa McLeansville. Gonakin masara da waken suya ne, gidaje ɗaya nan ɗaya can, coci a kusan kowace mararraba. Muka ga wata rumfa a bakin titi, tumatir da kankana a jere, ɗan kwando dala biyar, babu kowa a wurin. Akwati ne kawai, ka ɗauka ka jefa kuɗi ka wuce. Maigidan ya daɗe yana waige-waige yana neman kyamara, bai yarda ba sai da ya leƙa har ƙarƙashin tebur. Gidan da muka zo gani a can na tsakiya ne, duhu dulum da rana tsaka, ɗakunan kwana duk a sama. Mama ta tsaya a ƙofa, ta kalli matattakala, ta juya ta koma mota. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi.

Saura guda ɗaya, a Pleasant Garden, kudu da gari. Gari ne shiru. Gidajen sun yi nesa da juna, kowa da filinsa, maza a kan 'yan motocin yankan ciyawa suna kai da komo. Ba ka ganin mai tafiya a ƙasa, ko burodi mutum zai saya sai ya tada mota. Layin da muka zo gani yana bayan wani coci, gidaje shida na jan bulo, bayansu daji. Wanda ake sayarwa shi ne na kusa da na ƙarshe. Tun daga nesa muka hango motoci a jere har kan ciyawar mutane. Ciki cike da masu dubawa, wannan na buɗe kabad, wancan na auna bango, kowa na hararar kowa. Dillaliya ta raɗa mini cewa tayi ya riga ya yi yawa, wasu ma da kuɗi a hannu suka zo, ba sa jiran banki. Mu da sai banki ya ga dama, ina za mu kai?

Duk da haka muka ce mu duba, tun da mun zo. Muka zaunar da Mama a falo kan kujerarta, kular masa a cinya, mu uku muka hau sama. Da muka sauko, ga kujera, babu Mama, babu kula.

Jama'a, kada Allah ya nuna muku. Na duba banɗaki, na duba mota, na duba bayan gida. Dillaliya ta tambaye ni ko Mama na jin Turanci, na ce ban da gaisuwar safe ba ta da komai. Sai ta dafe kai, ta ce a irin wannan yanki ba a ƙwanƙwasa ƙofar wanda ba ka sani ba, mutane na da karnuka, wasu da bindiga.  Tsohuwa da hijabi har ƙasa, a ƙauyen Amurka! Maigidan ne ya taɓa ni ya nuna mini ƙofar gidan ƙarshe. Ga silifas ɗin Mama an ajiye su tsaf a bakin ƙofa.

Na yi sallama da Turanci. Sai na jiyo dariyarta daga ciki. A kicin na same su, ita da wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, zaune a tebur. An buɗe kula, an fito da zuma, Baturiya ta riga ta cinye masa biyu tana kan ta uku. Mama na zuba Hausa, ita tana zuba Turanci, kowacce na gyaɗa kai. Wani ɗan kare yana kwance ƙarƙashin kujerar Baturiyar, Mama ta tattare hijabinta nesa da shi.

Na ce, "Haba Mama! Kin san halin da kika sa mu?"

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke kin taɓa ganin an sayi gida ba a gai da maƙwabta ba? Kuna can kuna shafa bango. Da bangon za ku zauna? Zauna ki gaya mini abin da baiwar Allahn nan take faɗa."

Na zauna na zama tafinta. Tsohuwar ta ce tun da aka kafa allon sayarwa a maƙwabta ba ta huta ba. Mutane na taka mata ciyawa, suna leƙa mata taga, babu wanda ya ce mata sannu. Yau ta ji ƙwanƙwasa, ta buɗe a fusace, sai ta ga mace ta cire takalmi tana miƙo mata abinci da hannu biyu. Mijinta ya rasu bara. 'Yarta da ke Charlotte ta matsa mata ta komo wajenta kafin sanyi, ita ma ta yarda, amma in ta tuna za a kafa mata allo, baƙi su shigo suna buɗe mata kabad ɗin mijinta, sai ta fasa. Da na fassara wa Mama zancen rasuwar, ta kama hannun tsohuwar ta riƙe, ta yi mata gaisuwa irin tamu. Wannan ban fassara ba, ba a buƙata.

Sai Baturiyar ta tambaye mu me muke nema. Na ce ɗaki a ƙasa da ɗan fili, saboda wannan tsohuwar. Ta tashi ta ce mu biyo ta. Ɗaki a ƙasa, babba, da banɗakinsa, har da ƙarfen riƙewa da aka sa wa mijinta. Tagogi ta ko'ina, haske har ya yi yawa. Ta buɗe ƙofar gefe, sai ga lambu: tumatir, barkono, da kuɓewa tsaye ta fi ni tsawo. Mama ta shiga ba takalmi, ta hau tsinka tana faɗa, wai wa ya bar kuɓewa ta ƙosa haka, wannan ai sai dai iri. Baturiya ta ce bayanta ne ya hana ta. Ta tsaya tana kallon Mama a cikin lambun, ta daɗe, sannan ta juyo ta ce mini in dai za mu biya abin da mai ƙiyasin banki ya ce gidan ya kai, ba za ta kafa allo ba.

Na ji maigidan ya gyara murya. Na san wannan gyaran muryar, ta kasuwar Sabon Gari ce, zai ce a rage. Na take masa ƙafa da duk ƙarfina.

Amma fa ba a gama ba. Dillaliya ta ce dole a kira 'yar, kada gobe a ce mun yaudari tsohuwa, kuma ta yi gaskiya. Aka sa wayar a tebur kowa na ji. 'Yar ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ce su wane ne waɗannan, ta ce in aka kai gidan kasuwa za a samu fiye da haka, tun da na ƙarshen layi ne kuma babu irinsa a yankin. Ni na sunkuyar da kai, don ita ma gaskiya ta faɗa. Tsohuwar ta bari ta gama, sannan ta ce gidanta ne, kuma da ranta. Ta ce ta yarda lauya ya duba takardu, amma ta riga ta zaɓi wanda za ta bar wa ƙofarta.  Can 'yar ta ce to, a turo takardun. Dillaliyarmu, mai shekaru a wannan sana'a, ta kalle ni cike da mamaki.

A gefen lambun muka shimfiɗa darduma muka yi azahar, tsohuwar ta kulle karenta a ciki ba tare da an roƙe ta ba. Muka buɗe kular Anti aka ci tare, yaji ya sa tsohuwar hawaye amma ba ta ajiye cokali ba. Masu duba gidan maƙwabta na wucewa suna kallonmu, ba su san an gama da wanda ya fi nasu ba. Ni kuwa har ƙafa na ɗora kan ƙafa.

Da la'asar muka kamo hanyar Greensboro, leda cike da kuɓewa a bayan mota. Ina ta murna ina kiran 'yan uwa, Mama ta ce in rufa wa kaina asiri, ita sai ta ga makulli. Ta hau benen nan a hankali, tana hutawa a kowane hawa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga masu nema irinmu: wayar hannu gidan da aka kafa wa allo kawai take nunawa, kuma kafin ka gani jama'a sun gani. A ƙauyukan nan gidan kirki a bakin mutane ake jin labarinsa, su kuma ba sa faɗa wa wanda bai gaishe su ba. Ban ce ku je kuna buga ƙofar kowa ba, dillaliya ba ƙarya ta yi ba. Amma ku gai da mutane, kuma kada ku je hannu rabbana.

Takardu sun ja mu makonni, banki ya tambayi har abin da ba a tambaya, aka ce na'urar sanyaya gida na son gyara, muka ce mun ji. Ranar Juma'ar da ta wuce aka miƙo mana makulli. Mama ta karɓe daga hannun maigidan, ta buɗe ƙofar da kanta da bisimilla, ta wuce ɗakin ƙasa ta tsaya a tsakiya tana dubawa. Sannan ta ce, "Ki kira yayanki a Zariya. Ki ce ya buɗe ɗakina ya ba ɗansa, ni na samu wuri."

Na manta a ƙasar da nake. Na rangaɗa guɗa, sai da karnukan layin duka suka amsa.