Yadda Baba yake sauke allura a kan faifai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Abbakar, wanda ƙauyukanmu na Hausawan Sudan, tsakanin Sinnar da Sinja, suka fi sani da Abbakar Mai Garmaho. Manomi ne kamar kowa, da gonarsa ta auduga, amma da wuya a yi biki a yankinmu ba a aiko keken jaki ya ɗauke shi da akwatinsa ba. Ni ce babbar 'yarsa, kuma na daɗe ina jin haushin akwatin nan, don ya fi mu samun lallashi.

Fili zai cika, amarya ta gaji da zama, shi kuwa Baba ko a jikinsa. Sai ya zuba yashin bakin kogi a faffaɗan tire ya girke garmahon a kai, don kada dirin ƙafar masu rawa ya kai ga allura. Daga nan ya nemi shayi. Baƙi kan ɗauka jan aji ne, alhali kofin yake ɗorawa a kan na'urar ya duba ko shayin ya karkata. Sannan ya koma kan hannun allura. Yakan murɗa dunƙulen ƙarfen da ke bayansa a hankali har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kana ya ƙara masa ɗan nauyi kaɗan. In nauyin ya gaza, allura ta yi tsalle. In ya yi yawa, ta ci faifai. Akwai kuma ɗan maɓalli a gefe mai hana hannun zamewa zuwa tsakiya, shi ma sai ya lallaɓa shi. Saboda haka ko mata sun yi ihun a maimaita, ya dafa faifan da yatsa ya mayar da shi baya, waƙar ba ta ɓacewa.

Ina da 'ya'ya uku lokacin da hannunsa ya fara rawa, ya tilasta mini koyo. Ban so ba. Ya kuwa sha yi mini faɗa: "Hauwa, ba sauke ta kinka yi ba, jefa ta kinka yi. Sake." Na yi ta sakewa ina ƙunƙuni, ina cewa a raina wa zai nemi wannan aiki bayan kaset ma ta zama tsohon yayi.

Da yaƙi ya iso muka gudu Damazin, da muka dawo muka tarar zafi da ɓarna sun gama da fayafayansa. Ɗaya kawai ya tsira, na wata tsohuwar waƙar Hausa da wani mahajjaci daga Najeriya ya bar masa, don Inna, mahaifiyata, ta naɗe shi cikin zanenta ta tafi da shi. Tun daga wannan gudun hankalin Inna ya fara gushewa. Yau ta kira ni da sunan ƙanwarta, gobe ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Bana muka aurar da autata. Ɗana Mujtaba shi ne mai kiɗan bukukuwa yanzu, da kwamfuta da manyan lasifika, kuma Larabci ya fi masa Hausa sauƙi a baki. Shi ya kawo shawarar a sa wa kakarsa faifanta. Ya gyara wayoyin garmahon da kansa, ya haɗa shi da lasifikarsa bayan la'asar, amma yana sauke allura ta zame ta bi ta kan faifan da ƙara mai tayar da tsigar jiki. Ya kai hannu zai murɗe ƙarfen nan har ƙarshe.

"Yumma, a ƙara mata nauyi, halas, ta zauna," ya ce mini, yana kirana uwa da Larabcinsa.

Na riƙe hannunsa. Faifan ya riga ya sha jiki, in aka danne shi sau ɗaya ya tafi ke nan, kuma ba mu da wani abin da ya rage da za mu kira Inna da shi. Na sa aka kawo yashi da shayi. Mutane suka yi ta jira, wasu na dariya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini mayafi, don ban tabbata hannuna ya riƙe abin da aka koya masa ba.

Na sha tambayar kaina me Baba zai ce da zamanin nan da waƙa dubu ke cikin waya, ana taɓa ta da yatsa ana wucewa. Ina jin ba zai yi fushi ba. Zai zauna kusa da Mujtaba ya yi ta tambaya har ya gundure shi, sannan ya ce masa yana da gaggawa. Bai bar mana dukiya ba, gonar ma ta zama ta 'yan'uwa da yawa. Abin da ya bar mini shi ne sanin cewa tsohon abu ba ya son a danne shi, kuma da wannan sanin nake jinyar Inna kullum. Na gode masa, har faɗan ma na gode.

Na murɗa ƙarfen a hankali har hannun allurar ya tsaya a iska. Na ƙara masa ɗan nauyi, na sauke allura, waƙar ta tashi da ɗan shuu ɗinta na tsufa, 'yan mata suka shiga fili suna dira ƙafa, ba ta yi tsalle ba. Inna tana kishingiɗe a kan gadonta na igiya a inuwa. Ta ɗaga kai, ta saurara, ta dube ni kai tsaye.

"Hauwa," ta ce, "wanga hannun Malam na. Kai mishi abinci, in ya hwara ba ya tuna ci."

Na ce to, Inna. Na shiga ɗaki na yi kukana, waƙar tana ci gaba a waje. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa.