Ɗumamen da Na Sa wa Kanwa

A ƙauyenmu can gefen Gurbin Bore ba a kwana da miya sai ta tafasa. Da safe ma sai ta sake tafasa kafin yaro ya sa hannu. Ba wanda ya koya mana wannan a takarda. Icce ne muke da shi, daji yana bayan gida.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu, muka sauka Ƙauran Namoda, ɗaki guda aka ba mu aro: ni, da uwar mijina da muke ce wa Inna, da autata mai shekara huɗu. Maigidan ya tafi Shinkafi neman dako. A nan na san icce ma abinci ne. Wa zai shiga daji? Kara muke tsinta a bakin gonakin mutane, wata rana a samu, wata rana a kore mu.

Da bazara ne. Maƙwabta suka yi suna, suka aiko mana tuwon dawa da miyar taushe har da tsoka biyu. Muka ci rabi, na rufe sauran. Ban tafasa ba, karan da ya rage guda uku ne, na ce na safe ne.

Da safe na buɗe tukunya, miya ta yi kumfa a kai, tsami ya bugi hancina. Ba zan yi ƙarya ba, na sani. Hancina lafiyarsa lau. Amma tsoka biyu ce, kuma yarinyar nan ta yi wata uku ba ta ga nama ba. Sai na yi abin da na ga ana yi tun ina ƙarama: na jiƙa kanwa na zuba, tsamin ya kwanta. Na hura karan nan uku, miya ta yi ɗumi, ko motsi ba ta yi ba wuta ta mutu. Na tsamo naman na ba yarinyar duka. Har ta yaga ta miƙo mini, na ce ci abinki.

Kafin azahar dukanmu ciki ya murɗa. Ni da Inna muka zaga sau biyu, abin ya lafa. Ita kuwa amai, zawo, amai, zawo, har na gaji da sauya mata zane.

Ta ce ruwa. Na ɗauko moɗa, Inna ta riƙe hannuna.

"Ke ɗiyar nan, kina da hankali? Abin da kika zuba shi za ya hito. Bari cikin ya tsane."

"Inna, ƙishi take ji."

"Na yi goyon tara kahin a haihe ki. Aje moɗag ga."

Na ajiye. Ni da ake ce wa mai baƙar zuciya, wadda ba ta barin ta kwana, ranar nan na ajiye moɗa. Kada a ɗora wa tsohuwar nan. Ta yi abin da ta gada ne, kuma ni ma na yarda da shi.

Kwana biyu muna ɗiga mata jiƙon sabara a cokali. Idonta ya faɗa ciki. Tana kuka ba hawaye. Leɓenta ya tsage, ta daina fitsari, ni kuwa har na ce wa Inna alhamdulillahi zawon ya ragu. Ba raguwa ya yi ba. Babu sauran abin da zai fita ne.

Ran na uku ta daina neman ruwan. Shi ne na goya ta na nufi asibiti. Ma'aikaciyar ta ja fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar tsumma.

"Baiwar Allah, me kika ba ta ta sha?"

"Ba komai sai ɗigon sabara. Mun hana ta ruwa, don ya tsaya."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga. Suka yi ta neman jijiyar ƙarin ruwa, hannu, ƙafa, har ka. Kafin la'asar na goyo ta zuwa gida, an rufe mata fuska.

Bayan shekara biyu na shiga ajin manya. Mata suna zuwa don su iya rubuta sunansu da karanta saƙon waya. Ni ma haka na ce. Wata rana malama ta zo da ƙaramar leda, ta ce yau abin da za mu karanta ke nan: garin gishiri da sukari, a kaɗa a ruwa mai tsabta, a yi ta ba mai zawo kaɗan-kaɗan, ko yana amai, a kuma kai shi asibiti da wuri. Na gane ledar. Irinta biyu aka raba mana ranar da muka sauka garin nan. Na jefa su cikin kwalla tare da allura da zare, don ban san ko mene ne ba. Suna nan kusa da yarinyar, taku biyu daga tabarmarta, duk kwana ukun nan.

Na tashi na fita. Malama tana kira, ban juya ba.

Yanzu na iya karatu. Na san kanwa hanci take ruɗa, ba ta gyara abin da ya lalace. Unguwa duk sun san bakina. In na ji ɗa na zawo, ba sallama nake shiga, da moɗata da ledata, in tsohuwa ta yi magana in ce ta matsa.

Makon jiya na leƙa ɗakin wata da aka koro daga wajen Badarawa. Tana durƙushe tana hura kara biyu a ƙarƙashin tukunya, 'ya'yanta uku sun zagaye ta. Tun daga ƙofa na ji tsamin.

"Zubar da miyag ga," na ce.

Ta ɗago ta dube ni, idonta ja saboda hayaƙi.

"Yaya, in zubar su ci mi?"

Duk karatuna ba wannan a ciki. Ni ma ranar ba a ɗora tukunya a ɗakina ba. Na koma na ɗauko leda biyu, na nuna mata yadda ake kaɗawa, na ce in sun nemi ruwa ta ba su, ko wa ya hana. Ina fita na ji tana cewa su matso da kwano.